Fuskar da ke kan kwali da ƙafar da ke bakin ƙofa

A watan Fabrairun 2025 kamfanin Firaxis na Amurka ya fitar da kashi na bakwai na wasan kwamfutar nan mai suna Civilization, wanda a cikinsa mai wasa ke zaɓar wani shugaba daga tarihi, ya raini al'umma tun daga bukkoki har zuwa zamanin jirgin sama. Cikin shugabannin da aka jera, kafaɗa da kafaɗa da Augustus na Rum da Hatshepsut ta Masar, akwai Amina, Sarauniyar Zazzau, tana magana da Hausa. Hotonta ya yi ta yawo a wayoyinmu, mutane na ta murna, ni ma na yi. Sai dai da murnar ta lafa, tambayar da ta rage mini ita ce: cikin 'yan matan Karakkai, garin iyayena a ƙaramar hukumar Bungudu, ko ma na Gusau inda na tashi, nawa ne za su taɓa riƙe wannan Amina da hannunsu su motsa ta? Amsar tana da alaƙa da kuɗi da lantarki, gaskiya ne. Amma tana da alaƙa da wani abu da ya riga waɗannan, wato wanda aka saba kira zuwa ga wasan tun farko, da kuma hoton da aka yi kiran da shi.

Wanda ya karanci aikin jarida ya san bangon mujalla ba ado ba ne. Shi ne wurin da mai sayarwa yake bayyana, ko yana so ko ba ya so, wanda yake zaton zai ciro kuɗi daga aljihu. Haka kwalin faifan wasa yake. Kafin a zaɓi fuskar da za ta hau kansa sai an yi taro, an tara matasa an nuna musu samfuri, an auna. Abin da ya fito ƙarshe hasashe ne game da mai saye, kuma idan aka maimaita hasashe shekara da shekaru sai ya zama gaskiya, domin wanda bai ga kansa a kwali ba yakan ɗauka kayan ba nasa ba ne, ya wuce. Sunan da Nintendo ya raɗa wa ƙaramar na'urarsa ta hannu a 1989, Game Boy, ma'anarsa yaron wasa, ya isa shaida kan wanda aka sa a gaba.

Shekarar 2013 ta bar mana misalai uku da masu sana'ar da kansu suka faɗa da bakinsu. A wasan BioShock Infinite, mace mai suna Elizabeth ce ƙashin bayan labarin, amma kwalin ya fito da namiji farar fata saɓe da bindiga, ita kuwa aka mayar da ita baya. Da aka yi ca, jagoran aikin, Ken Levine, ya bayyana cewa sun zagaya wurin samarin jami'a waɗanda ba sa bin labaran wasanni, kuma su aka zana wa kwalin. Masu The Last of Us sun ce an nemi su mayar da yarinyar labarin, Ellie, bayan kwali, suka ƙi. Har ma sai da suka nace kafin a sa mata cikin waɗanda za a gwada wasan a kansu. Kamfanin Dontnod na Faransa kuwa ya ce wasu masu ɗaukar nauyi sun juya wa wasansa Remember Me baya don kawai jarumar mace ce. Babu wanda ya ce ya tsani mata a cikin waɗannan labarai. Kowa lissafin kasuwa ya ce yana yi, kuma wannan ya fi wuyar magani, domin mai lissafi ba ya jin yana da laifi.

Mu a nan ba ma cikin lissafin ko kaɗan. Faifan da ke iso mu a shekarun 2000 ba na asali ba ne. Kwafi ne da ke biyo motocin kaya daga kasuwannin Legas da Kano, cikin 'yar leda, da hoton kwalin da aka sake bugawa har launinsa ya koɗe. Ko sisinmu bai kai Tokyo ba, don haka babu taron da aka taɓa yi a kanmu. Duk da haka hotunan sun iso, kuma sun yi aikinsu.

Gidan gem na unguwarmu a Gusau shago ne guda mai labule a ƙofa, talabijin uku, benci biyu, janareta na kuka a waje, takalman yara zube kamar ƙofar makarantar allo. A Karakkai, inda muke zuwa hutu wurin kakanni, talabijin ɗaya ce da PlayStation 2 ɗaya a shagon mai cajin waya. A duka biyun an manne bango da kwalayen faya-fayai, kuma ni daga bakin ƙofa na san su, domin iyakata ke nan. Aikena ake yi in kira yayana cin abinci. Sai in tsaya in ɗaga murya, “Yaya, Inna na kira,” shi kuma ya ce a bari a tashi wasa, ni kuwa in yi ta kallon bango har ya fito. Babu wanda ya taɓa ce mini kada in shiga. Ba a bukatar a faɗa.

Abin da na gani a bangon nan kashi biyu ne. Na farko maza ne baƙaƙe, kuma suna da yawa, saɓanin abin da mai karanta ƙorafin Turawa kan wannan batu zai zata. Wasan ƙwallo shi ne sarki a gidajen gem na Arewa, Winning Eleven da PES na kamfanin Konami, da FIFA na EA Sports, kuma kwalayensu ba su yi rowar baƙar fata ba. Thierry Henry ya hau FIFA 2002, Edgar Davids na cikin ukun da ke kan na 2003, Patrick Vieira na kan na 2005, Ronaldinho ya yi shekaru a jere tare da Wayne Rooney, daga baya Kylian Mbappé ya riƙe kwalin sau uku a jere, daga FIFA 21 zuwa 23. Amma a lura da rigunan ƙasashen da waɗannan mutane suka sa: Faransa, Holand, Brazil. Vieira a Dakar aka haife shi, sai dai da tutar Faransa ya shiga kwali. Baƙar fata na sayuwa matuƙar kasuwar da ke bayanta tana da kuɗi. A wajen filin ƙwallo kuwa, baƙin da yaran unguwarmu suka fi sani shi ne CJ na Grand Theft Auto: San Andreas, wanda ya fito a 2004, ɗan daba a wani birni da aka kwaikwayo daga Los Angeles. Yara sun so shi ƙwarai, kuma na fahimci dalili: shi ne karo na farko da da yawansu suka riƙe jarumi mai kalar jikinsu a labari mai tsawo. Amma zaɓin da bangon ya ba su ke nan, ko ɗan ƙwallo ko ɗan daba. Jiki ne ake sayarwa a duka biyun, gudu da ƙarfi.

Kashi na biyu mata ne, kuma ba su da yawa. Akwai Lara Croft ta Tomb Raider, wadda tun 1996 aka fi tallata surarta fiye da wayonta. Akwai matar nan mai tabarau da 'yar shimi a kwalin San Andreas, wadda ba ta da wata rawa a labarin. An ajiye ta ne kamar yadda ake ajiye fure a tebur. Mai shagon Karakkai, mutum mai kunya, ya bi irin waɗannan hotuna da baƙin alƙalami ya shafe daga wuya zuwa ƙasa. Na daɗe ina tunanin wannan shafewar. Kamfanin ya tuɓe matar don ya jawo yaro, mai shago ya rufe ta don ya kare yaro, kuma dukansu biyu yaron suke kallo. Yarinyar da ke bakin ƙofa abin da ta koya shi ne mace a wannan duniyar ko dai abin kallo ce ko abin shafewa.

Afirka kanta, a matsayin wuri, ta fi shan wuya. A 2007 kamfanin Capcom na Japan ya saki tallar Resident Evil 5: Bature ɗauke da bindiga a wani gari na Afirka mai ƙura, yana harbin tarin baƙaƙen mutane da cuta ta mayar dodanni. Ɗan jarida N'Gai Croal na mujallar Newsweek ya yi nuni da cewa irin wannan hoto yana da tsohon tarihi tun zamanin mulkin mallaka, ko da masu zanen ba su nufa ba. Da wasan ya fito a 2009, kwalinsa na ɗauke da abokiyar aikin jarumin, Sheva Alomar, 'yar Afirka, amma mai hasken fata sosai idan aka gwada ta da mutanen da take harbi. Kamfanin ya ce ba surutun ne ya sa aka ƙirƙire ta ba. Ko ma yaya ne, an buga wasan nan a gidajen gem na Gusau, kuma yaran da ke riƙe da na'urar sun fi kama da waɗanda ake harbi fiye da mai harbin. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce uffan a kai ba. Mai wasa yakan ɗauki kansa a matsayin wanda ke riƙe da bindiga, kuma wannan shi ne ƙarfin hoton.

Yanzu ga inda maganar ta dawo gida. Da faifai ya fara ja da baya, aka koma loda wasanni a filas da cikin na'ura, sai wata sana'a ta ɓullo: samari masu gyara tsohon PES su sa masa sababbin 'yan wasa da riguna, su kuma haɗa masa hoton kansu. Haka masu buga ƙyallen talla na ƙofar shago. A karo na farko kwalin ya shigo hannunmu. Bayan Ahmed Musa ya ci Iceland ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2018, na ga fuskarsa a ƙofar gidajen gem daga Gusau har Tsafe, an ture Messi gefe. Daga baya Victor Osimhen ya karɓe shi. Abin ya yi mini daɗi, domin yana nuna cewa da muka samu dama mun san abin da ya ɓace, mun kuma gyara shi nan take ba tare da jiran izinin kowa ba. To amma launin fata kaɗai muka gyara. Asisat Oshoala ta lashe kyautar gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka sau shida, abin da babu namijin da ya taɓa yi, ban kuwa taɓa ganin ta a ƙofar gidan gem ko ɗaya ba. A wannan gaɓar Turawan ma sun riga mu motsawa, duk da jan ƙafarsu: FIFA ya fara a 1993, sai a 2015 aka sa ƙungiyoyin mata na ƙasashe 12, babu ta Afirka ko ɗaya, a 2022 Sam Kerr ta Ostireliya ta hau babban kwalin FIFA 23 tare da Mbappé, a 2023 kuma aka gyara surar Nouhaila Benzina ta Maroko a cikin wasan aka sa mata hijabinta, kamar yadda ta buga gasar duniya da shi.

Kada a ce al'adarmu ce ba ta yarda da fuskar mace a bango ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da littattafan Hausa ya san ba haka ba ne. Tun daga shekarun 1990, zamanin da su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa suka cika kasuwa, bangon littattafan soyayya fuskokin mata ne, da ɗankwali da kwalli da gyale, mace na kallon mai saye ido cikin ido. Haka fostocin finafinan Kannywood. Dalili a fili yake: mata ne manyan masu saye, da yawan marubutan ma mata ne. A kasuwa ɗaya, rumfa biyu na kallon juna, ɗaya duk mata a bango, ɗaya duk maza, kuma kowace tana gaya wa yaro da yarinya inda za su tsaya. Ƙa'idar da ta mayar da Elizabeth bayan kwali a Amurka ita ce ke aiki a nan, ba wata daban ba.

Iyayen da ba su bar 'ya'yansu mata shiga gidan gem ba suna da hujjarsu, kuma ba na raina ta. Wuri ne mai duhu, cike da samari, wani lokaci da hayaƙin taba da caca a kan sakamakon wasa. Ko 'ya'ya maza da yawa da bulala aka raba su da shi. A Zamfara ta yau, inda fita ƙauye kanta sai da addu'a, babu mai hankalin da zai ce a tura yarinya shago da almuru. Abin da nake nufi daban ne. Na'urar wasan nan ita ce kwamfuta ta farko da yaran unguwarmu suka taɓa. A kanta suka koyi karanta umarni da Turanci, da loda manhaja, da kwance na'ura a ɗaura. Cikin abokan yayana na bencin nan, akwai masu gyaran waya a yau, akwai mai shagon buga takardu, akwai mai zanen talla da kwamfuta. Su ne ke zana ƙyallen ƙofar gidajen gem na yanzu, kuma abin da suka gani a bango suna yara shi suke sake zanawa. An rufe da'irar ke nan: wadda ba ta shiga ba ba ta koyi zane ba, wadda ba ta zane ba ba za ta sa kanta a bango ba.

Waya ta ɗan fasa wannan da'ira. Yarinya na iya buga wasa a ɗakin uwarta ba tare da ta ratsa labulen kowa ba, kuma suna bugawa, daga Ludo da Candy Crush har zuwa Free Fire da PUBG. A watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, janaretocin gidajen gem da yawa sun yi shiru, amma wasannin da ba sa bukatar intanet sun ci gaba da yawo daga waya zuwa waya ta Xender, har cikin gidajen aure. Sai dai kwalin ma ya biyo su cikin wayar. Yanzu ɗan ƙaramin hoto ne a kantin manhaja, da tallar da ke faɗo wa mutum tsakiyar wasa. Na yaƙi namiji ne mai buɗe baki yana ihu; na 'yan mata kuwa kwalliya ce da girki da wata baiwar Allah mai dogon gashi da aka wulaƙanta tana jiran a gyara mata fuska. 'Yar yayata, mai shekara goma sha ɗaya, ta ƙware a wasan tsere fiye da yayyenta maza, amma idan wasa ya ba ta damar haɗa surar da za ta wakilce ta, fara take zaɓa mai gashi har baya. Na tambaye ta dalili, ta ce, “Gwaggo, ai haka 'yan gem suke.”

Ita kuwa Amina ba a Civilization ta fara bayyana ba. A watan Agustan 2021, wata guda kafin a katse mana layi, wasan Age of Empires III ya samu ƙari mai suna The African Royals, wanda ya shigo da Hausawa da Habashawa, Amina na jagorantar Hausawa, Kano ce cibiyarsu. An yi bincike, ba a musu: akwai mahayin lifidi, wato barde mai sulken auduga da ke rufe doki da mahayinsa, akwai maharban Fulani, sojoji na amsa umarni da Hausa. Amma ɗaya daga cikin mayaƙan doki mafi ƙarfi a rundunar sunansa Maigadi. Duk Bahaushen da ya ji sai ya yi murmushi, domin maigadi a wurinmu dattijo ne mai tocila da sanda a ƙofar gidan mai kuɗi, kalmar ma daga Turanci muka aro ta. Harshen da ke da barde da jarumi da garkuwa da yerima bai rasa sunan da zai ba gwarzon fada ba. Ƙaramin abu ne, amma yana nuna tazarar da ke tsakanin wanda aka zana da wanda ya yi zanen. Ko a cikin gida tazarar na nan: kamfanin Maliyo na Legas, wanda ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen yin wasanni masu ƙamshin Najeriya, yana da wasan tsere mai suna Aboki Run, kuma duk ɗan Arewan da ya zauna a Kudu ya san kalmar aboki ba kullum take nufin amini ba a bakin mai kiran.

Akwai kuma abin da ya kamata a sani game da fuskar Amina: babu wanda ya san ta. Abin da ke hannu 'yan layuka ne a Tarihin Kano da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da labaran baka, da ganuwoyin da ake jingina mata. Masana ma ba su daidaita kan ƙarnin da ta rayu ba, na 15 ko na 16. Duk Aminar da muka sani, ta kan sarki, ta mutum-mutumi, ta fim ɗin Izu Ojukwu da ya hau Netflix a 2021, ta wasannin nan biyu, wani ne ya zauna ya yanke hasken fatarta da tsawonta da abin da za ta ɗaura a ka. Yaron da zai neme ta a waya gobe, hoton kamfanin da ya fi kuɗin talla ne zai fara fito masa.

Zamfara ma na da tata. Labarin baka na masarautar yana ambaton sarauniya 'Yargoje, wadda aka ce ta yi mulki daga Kuyambana ƙarnuka kafin jihadi, har ana danganta mata wata fitila da aka ce da haskenta take zaman fada da dare. Babu kamfanin da ya zana ta tukuna. Cikin masu shagon zane da na sani a Gusau, waɗanda za su iya yi mata fuska da kwamfuta cikin yini ɗaya, ban san mace ko ɗaya ba.